Ramar Fadama da Shanun Kaka

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, aka kawo katafila za a fitar da titi ta bakin fadamar ƙauyen kakata a ƙasar Gwaram. A wurin akwai wata rama da ban taɓa ganin irinta ba. Ba a cin ganyenta, ba a igiya da ita. Fure kawai gare ta, ja mai haske, cikinsa baƙi ƙirin. Kafin a baje wurin na tsinko 'ya'yanta na ƙunsa a ganye.

Da damina na shuka su a kusurwar gonar Baba a Kangire. Ɗaya ce ta rayu. Duk ƙarshen mako in na dawo daga makaranta a Birnin Kudu, wurinta nake fara zuwa.

Sai dai ba ta da gaggawa. An yanke gero, an yanke dawa, 'ya'yanta na nan kore shar. Mu kuwa da an kwashe dawa ake sakin shanu su ci kara su bar taki, kuma Baba ya riga ya yi magana da wani makiyayi daga Surko: ranar Asabar.

Ko a aji sai an tambaye ni nake magana. Amma na durƙusa gaban Baba na roƙe shi a ɗaga ranar saboda ramar, kaina a ƙasa.

Ya ce, "Saboda ciyawa zan saɓa wa mutum? Takin fa?"

Da hantsin Asabar na je na tsaya a gaban ramar. Ga shanu nan sun shigo suna karya kara.

Makiyayin ya ce, "Ɗan boko, gadin me kake yi?"

"Baffa, iri nake jira ya bushe."

"Ana ci?"

"A'a."

"Magani ce?"

"A'a, Baffa."

Yana cikin dariya wata farar saniya ta zuro harshe ta bayana, ta finciki reshe guda. Na yi ihun da ban san ina da shi ba. Ya kore ta da sanda, ya tsuguna yana duba ganyen.

"Ta bakin ruwan Gwaram ce? Can muke shayarwa kafin katafila."

Ya sauke gatari daga kafaɗa ya miƙo mini. "Ga ƙaya can. Yi sauri, ba su jin turanci."

Tare muka kewaye ta da ƙayar. Reshe biyu suka tsira. Ranar da na girgiza su na ji 'ya'yan na ƙara a ciki, hannuwana duk sartse ne.