Fim Ɗin Kumbo da Injin Ban-ruwan Maigida

Ku matso kusa, 'yan'uwa, yau labarin kaina zan ba ku. Mai dariya ya yi abinsa, ni ma na daɗe ina yi wa kaina.

Shekarun baya, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, sana'ata turara shinkafa a cikin gida. Duk wadda ta san aikin ta san rabinsa zaman jira ne. Ki jiƙa, ki turara, ki shanya, sannan ki zauna kina korar kaji. A wannan zaman na kamu da kallon fim a waya. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, Turanci kuwa sai dai na ji ana yi, saboda haka sai fim mai fassara. Matan unguwa na soyayya suke so. Ni kuwa na 'yan sama jannati, waɗanda suke shiga kumbo su bar duniya.

Maƙwabciyata takan leƙo ta katanga ta ce, "Ke dai da abin mamaki kike. Mutane sun kifa kwano a ka suna shawagi, me kike gani a ciki?"

Na ce, "Ji nake yi, ba gani ba."

Gaskiya na faɗa mata, don Allah ya ba ni kunne. Da yau da gobe na lura irin waɗannan fina-finan ba sa rasa mutum guda mai gilashi, wanda in kumbo ya lalace shi ake kallo. Shi kuma sai ya buɗe baki ya yi ta zuba manyan kalmomi. Mai fassara ma wani lokacin sai ka ji ya yi tuntuɓe, ya ce, "Ya ce za su juya maganaɗisun wutar baya su haɗa da ƙwayar zarrar inji na uku." Wani lokacin ya gaji ya ce, "Kai, ya ce dai zai gyara."

Amma na raba fina-finan gida biyu. Akwai fim ɗin da tun a farko za a nuna maka wani bututu ya tsage, an ɗaure shi da gaggawa an wuce. Can tsakiya kumbo ya tsaya cik, mai gilashi ya yi dogon bayaninsa, ko ban gane kalma ɗaya ba na san a kan bututun nan yake magana. Wannan nakan yarda da shi. Akwai kuma wanda za a shafe awa guda ana kuka ana bankwana, ba a nuna maka komai ba, sai kawai mai gilashi ya karanto wasu kalmomi ya danna maɓalli, kumbo ya tashi. Irin wannan har tsaki nake ja. In dai magana ce maganin, me ya hana shi faɗa tun ɗazu kafin mutum uku su mutu? Marubucin ne ya rasa hanyar fita, ya toshe mana baki da Turanci.

Maigidana manomin rani ne. A shekarar da nake ba ku labari tumatir ya yi, kuma gonar tana kan tudu kaɗan, ruwan kanal ba ya hawa da kansa sai da inji. Al'adar manoman wajenmu kuwa, ba a barin inji ya kwana a gona. Da yamma a kwance shi a ɗora a babur a kawo gida, tiyon da ke zuƙo ruwa kuma a naɗe a tura cikin ciyawa, don nauyi gare shi.

Tumatir yana tsakiyar fure injin ya ƙi. Yana tashi, yana ƙara lafiya lau, amma ruwa ba ya fitowa. Maigida ya ɗura masa ruwa ta sama kamar yadda ake yi, ya ja ya sake ja, shiru. Kwana biyu ana haka. Ranar Alhamis ce, kuma an riga an sanar cewa ranar Asabar za a rufe ruwan layinmu a juya shi wani layin. Fure in ya sha ƙishi zubewa yake, in ya zube kuwa aikin rani ya tafi. Injin aro bai samu ba, kowa yana fama da tasa gonar kafin a rufe.

Da hantsi maigida ya ɗauko bakanike daga Kura, suka zauna a zaure da injin a gabansu. Murhuna yana jikin bangon zauren, ina juya shinkafa ina jin komai. Bakaniken ya ƙwanƙwasa nan, ya kwance can, sannan ya fara.

"Ka ga, Malam, ba ya firamin. Iska yake sha. Sil ɗin bayan imfela ne ya cinye, wataƙila ma ya taɓa shaf. Sai an buɗe shi gaba ɗaya. Wannan sayis ɗin kuma babu shi a Kura, sai cikin Kano. Gobe Juma'a. Ka ba ni zuwa Lahadi."

Na ji maigida ya ce, "Lahadi?" da wata irin murya. Sannan ya ce, "To, ya za a yi. Ɗauka."

Wallahi a take na ga mai gilashi a zauren gidanmu. Na buga muciya a bakin tukunya sau uku, alamar da nake kiransa da ita in yana da baƙi. Ya shigo fuska a murtuke.

Na ce, "Malam, kada ka bari a tafi da injin nan."

"Saboda me?"

"Mutumin nan irin mai gilashin fim ne. Kalmomi kawai yake zuba maka."

Ya dube ni ya dubi sama. "Tumatirina yana mutuwa, ke kina zancen fim. Me kika sani a inji?"

"Ban san komai ba. Amma abu ba ya lalacewa haka kawai a tsakiyar labari. Me aka nuna a farko?"

"Wane farko kuma?"

"Ranar Litinin inji ya yi aiki?"

"Ya yi."

"Talata da safe ya ƙi. To me ya faru tsakani?"

"Babu abin da ya faru."

Na ce, "Akwai. Ranar Litinin da yamma kana cin tuwo ka ce shanun maƙwabtanmu sun sauko shan ruwa ta gefen gonarka, har sun bi ta kan tiyonka, ka ce Allah ya sa ba su shiga kwamin tumatir ba. Ka faɗa kana miƙo min kwano in ƙara maka miya."

Ya buɗe baki zai ba ni amsa.

Sai muka ji gyaran murya daga zaure. Ashe bangon da nake jin su ta cikinsa, su ma ta nan suke jina.

"Hajiya, mai gilashi yana gaisuwa," in ji bakaniken.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ja mayafi na rufe fuska, ni da ba ganina yake ba. Amma tunda abin ya riga ya fito, sai na daure na matsa bayan labulen ƙofa na gaishe shi, na ce ya yi haƙuri, tambaya ɗaya gare ni.

"Ka ce iska yake sha. Ta ina iskar take shiga?"

"Ta sil. Yawanci ta nan ne."

"Ta nan kaɗai?"

Ya ce, "Ko ta tiyo, in ya tsage. Amma ni ba a kawo min tiyo ba." Sai muryarsa ta tashi. "Malam, shanu sun taka tiyo shi ne ba ka faɗa min ba?"

Maigida ya ce, "Ai ba ka tambaya ba."

"Inji ka ajiye a gabana, injin na duba!"

Suka mayar da abin da aka kwance, suka ɗora a babur suka nufi gona. Ni aka bari da tukunya da zullumi. In ba tiyon ba ne, na ɓata wa mijina rabin yini, na kuma zagi baƙo a gidansa. Ranar sai da ƙasan shinkafata ya kama, abin da rabona da shi tun ina amarya.

Bayan la'asar na ji babur. Maigida ya shigo da taɓo har gwiwa, ya zauna a kan turmi ya ce in ba shi ruwa. Sai da ya shanye kofin ya ba ni labari. Sun toshe bakin tiyon guda, sun cika shi da ruwa sun ɗaga, sai ga ruwa yana tsiyaya ta wata 'yar tsaga a tsakanin gaɓoɓin jikinsa, ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Bakaniken ya yanka tsohuwar robar cikin tayar babur ya naɗe wurin tam. Ja biyu, ruwa ya feso.

"Rabin gonar ta sha," in ji shi. "Gobe da asuba in ƙarasa." Ya miƙo min kofin. "Bakaniken ya ce wai a gaishe da injiniyar cikin gida."

Fure kaɗan ya zube a kwamin da ke can ƙarshe, sauran ya kama. Tumatir ya yi, aka kai kwanduna Kadawa aka sayar.

Sai dai kada ku ce na ci gari. Ana gab da gama tsinka injin ya sake ƙin ruwa, tiyo kuwa lafiyarsa ƙalau. Aka kira mutumin nan, ya buɗe, ya fito da sil ɗin ya cinye kamar yadda ya faɗa tun farko. Ya ba maigida ya ce a kai min ciki in gani da idona, tunda ni sai an nuna min nake yarda. Wani ɗan zobe ne baƙi, duk ya zaizaye. Har yau yana cikin gwangwanin allurata.

Abin da na ɗauka a wannan shi ne, ni ma na yi kuskure rabin hanya. Na zaci duk mai manyan kalmomi maƙaryaci ne, alhali bawan Allah sunayen kayan aikinsa yake kira, kamar yadda ni ma in na ce shinkafa ta yi ido baƙo ba zai gane ba. Cikin duk abin da ya faɗa, kalma uku na gane, "iska yake sha", kuma su ne suka kai mu ga tsagar. Abin da ya rasa farkon labarin ne, don ba a ba shi ba.

Har yanzu ina kallon fina-finan kumbo, yanzu ma tare da maigida. In mai gilashi ya fara zuba, sai ya taɓo ni ya ce, "Wannan fa, an nuna ko ba a nuna ba?" In an nuna, mu gyara zama. In ba a nuna ba, mu ja tsaki tare. A asibiti ma, ko wajen malamin gona, in an yi min bayanin da ya fi ƙarfina ba na jin kunya. Nakan fara ba su labarin abin da ya faru tun daga ranar Litinin, sannan in ce a nuna min inda maganarsu ta haɗu da shi.

Ku fa, in mai sana'a ya rufe ku da kalmomin da ba ku sani ba, kai kuke gyaɗawa ku ce "to, ɗauka", ko kuna tsayawa ku tambaya ta ina iskar take shiga?