Keken da Ya Kai Ƙarata

Ko da zan manta sunana, ba zan manta kakar da keke ya tona mini asiri ba. Wautar tawa ƙarama ce: na hau keken mutane ban tambaya ba.

Yayana yana shekarar ƙarshe a jami'a, yana bincike kan abin da ke sa ɗalibi ya zaɓi keke, acaɓa, bas ko ƙafa. Ya maƙala wata 'yar na'ura ƙarƙashin sirdin kekunan ɗaliban da suka yarda. Duk inda keke ya bi sai ta sanar da kwamfutarsa, da lamba ba da suna ba, ita kuma ta lissafa nisan da ɗalibi ke jurewa kafin ya haƙura ya tare acaɓa. Ni ina na san wannan?

Zazzaɓi ya kwantar da ɗaya daga cikin ɗaliban, ya bar kekensa a zaurenmu a Funtua. Lokacin kuwa ana matsar rake a Maska. Kullum da rana sai in ce na tafi darasi, in hau keken in zabga can, in sha mazarƙwaila mai ɗumi har kunnuwana su yi zaƙi.

Ran nan Yaya ya dawo jiki a sanyaye, ya buɗe wa Baba taswira a kwamfutarsa, jan layi na nuna inda keken ya bi.

"Baba, malamina ya ce ƙirƙirar bayanai na yi. Wai wane ɗalibi ne ke ɗaukar lacca a gonar rake? In ban kawo hujja ba, sai baɗi."

 Baba ya ƙura wa jan layin ido, ya juyo a hankali.

"Auta, haƙorin nan da ke hana mu barci, darasi ne ya cinye shi?"

Kafin ya rufe baki na zayyane komai, har da wanda ba a tambaye ni ba.

Washegari Yaya ya tasa ni gaba har ofishin malamin. Na durƙusa ina rantsuwa cewa ni ne nake hawan keken. Malam ya yi dariya har ya cire tabarau.

"Cire tafiye-tafiyen wannan ɗan rake, ka rubuta dalili, ka sake lissafin."



Na koyi cewa ɓarnar da ka raina tana iya cin shekarar wani. Yaya ya kammala tare da 'yan ajinsu. Ni kuma na ƙarasa kakar ina ɓarar masara a gonar Baba, a ƙasa nake zuwa, a ƙasa nake dawowa.