Takardar Da Na Rubuta Wa Motar Yaya

Yayana bai taɓa mallakar motar kanti ba, kuma bai taɓa marmarinta ba. Makanike ne a garinmu, kan hanyar Madawa zuwa Buza, yana gyaran manyan motocin da ke kwasar albasa. Ni kuwa tun ina ƙarami aka kama ni aka sa lakkwal, na fito malamin makaranta. Kowa a garin Mushe yake ce mini, wato malam da Faransanci, har shi da ya goye ni a bayansa, sai dai shi in ya faɗa akwai ɗan tsokana a ciki.

Abin da ya cinye masa shekara tara wata mota ce da ya gani yana saurayi, ta wani likitan Nasara da ke ratsa garinmu zamanin da. Buɗaɗɗiya ce ba rufi, mai dogon hanci, da fitilu biyu kamar ƙwarya, da matakala a gefe. Sau uku kacal ya gan ta, ko hotonta ba shi da shi, amma ya rantse sai ya yi irinta. Ƙashin motar ya samo daga wata mota da ta mutu a kwarin Keita, injin daga wata daban, jikin kuwa da gangunan mai ya buga shi, guduma bayan guduma, har maƙwabta suka kai ƙararsa wurin maigari sau biyu. Kujerun fatar jan akuya ce, ƙasan ya shimfiɗa tabarmar Madawa. Ranar da ta fara tashi, tsofaffin da suka san ta likitan suka kewaye ta suna salati, ɗaya ya ce wallahi ita ce ta dawo.

Ba shi kaɗai ke fama da wannan ciwon ba. Su biyar ne a ƙasar tamu. Akwai wani tela a Buza, da wani Kirista mai kula da injin wuta a asibitin mishan, da wasu wa da ƙane manoman albasa daga wajen Galma. Kowa da tasa, kowa ya haɗa da hannunsa yana kwaikwayon wata da ya taɓa gani ta shiga ransa. Ba sa ɗaukar fasinja, ba sa ɗaukar kaya. Ranar Juma'a bayan an sauko, ko ranar Sallah, ko in sun yi alkawarin haɗuwa a kasuwar Bangi, nan ne suke fito da su. Su jera su a inuwa, su buɗe hanci, su yi ta gardama kan wace ta fi daɗin kuka har la'asar. Mahaukatan ƙarfe ake ce musu, su ma sun amsa sunan.

Ba zan yi ƙarya don ina jin haushi ba: motocin na hayaƙi. Motar yaya in ta tashi da safe, sai kaji su watse, mata su kwashe shanyar gero. Amma motocin albasa da ke wucewa kullum fa? Guda ɗaya in ta hau tudun Buza, hayaƙin da take zubarwa ya fi na su biyar ɗin a shekara. Na albasar dai suna da takarda, shi ke nan.

A shekarun da fari ya matsa mana, kafin soja su karɓi mulki, aka zo da wata doka. Wani jandarma ne ya tsayar da yaya a hanya ya gaya masa, cikin mutunci ma, don yaya ya sha gyara masa babur. Ya ce yanzu kowace mota sai an kai ta bizit, wato a duba lafiyarta, a duba hayaƙinta a gwada da abin da masana'antar da ta yi ta ta rubuta na shekararta. Wadda ba ta da masana'anta ba ta da shekara, ba abin da za a gwada ta da shi, don haka ba ta da hanya.

"Wace shekara anka yi wagga?" in ji jandarman.

Yaya ya ce, "Wane wurin kake nuhi? Hancin ya girme ka, tayoyin kuwa na bara na."

Jandarman ya yi dariya ya ce ya tafi, amma ya yi hankali. Bai rubuta komai ba. Wannan ina so a riƙe: a ranar nan babu ofis ɗaya a duniya da ya san motocin nan biyar suna nan.

Masu motocin suka taru a garejin yaya, aka kira ni don ni ne mai jin Faransanci. Telan ya fara magana, mutum ne mai sanyin murya.

"Ku ji ni," ya ce. "Doka irin wagga zazzaɓin damana ta, tana zuwa ta wuce. Kowa shi tura tashi cikin gida, shi ruhe da zana, mu yi shiru wata shida."

Ni da bakin nan nawa na ce masa wannan shawarar mutanen da ce. Na tashi tsaye, kamar ina gaban allo, na ce ƙasa tana da majalisa, majalisa tana da depite, wato ɗan majalisa, kuma depite namu ne, mu muka jefa masa ƙuri'a. Na ce doka da takarda ake yin ta, da takarda ake gyara ta. A littafin da nake koya wa yara na karanta haka, kuma wallahi na yarda da shi. Telan ya dube ni ya ce, "To, Mushe, kai ka yi karatu." Na ɗauka yabo ne.

Roƙon namu bai da yawa. Motoci ne na hannu, ba na neman abinci ba, ba kullum suke fita ba, daga Juma'a sai Sallah sai ranar haɗuwa. A ware su daga dokar hayaƙin, a ba su wata 'yar takarda tasu. Na tsara wannan da Faransancin da ko sufeton makarantu ya gani sai ya jinjina. Niyyata su sa hannu a ƙasa kawai, sai yaya ya dafa takardar.

"Mushe, ba a roƙon babba da huska a ruhe."

Kuma gaskiyarsa, a wurinmu haka abin yake. In ka durƙusa gaban sarki ko maigari, kafin ka faɗi abin da ke tafe da kai sai ka faɗi ko kai wane ne, ɗan wa, ina gidanku. Wanda ya ɓoye wannan ya raina wanda yake roƙo, kuma ba a sauraronsa. Haka iyayenmu suka yi, haka muka tashi muka gani. Bai zo a ran kowa cikinmu ba cewa sarki kunne gare shi, yana ji ya manta in ya ga dama, takarda kuwa ba ta mantuwa.

Sai kowa ya shiga faɗa ina rubutawa. Suna, sunan uba, gari, unguwa. Gidan da ke gabas da rijiya, mai ƙofar langalanga. Inda ake ajiye motar a cikin gidan. Inda aka samo injin. Ranakun da take fita da hanyar da take bi. Manomin albasa babban har ya ce in sa cewa tasa ta fi hayaƙi in an hau tudu, don kada babba ya gani daga baya ya ce an yi masa ƙarya. Na sa. Na ja layi da rula, na yi wa kowace mota gidanta, tsaf. Na asibitin ya sa hannu. Telan ya dangwala yatsa yana cewa Allah shi sa alheri, da muryar wanda bai sa rai ba.

Da depite ya zo gida hutu, muka ɗauki rago muka tafi, motocin biyar a jere, ni ina rungume da takarda cikin jakar fata. Muka isa da hantsi. Don girmamawa suka ƙi kashe injin sai ya fito ya ji kukansu, saboda haka da ya fito cikin farar shadda, hayaƙi ya tarbe shi kafin mu. Ya toshe hanci da hankici yana tari yana dariya. Mutumin kirki ne a ido, ba zan ci zalinsa ba. Ya zagaya motocin, ya shafa ta yaya, ya shiga ya zauna ya riƙe sitiyari, ya sa aka kira mai hoto.

Yaya ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, shekara tara na yi ina bugun ta. Ba ni cin kowa da ita. A bar muna su."

"Ku kwantar da hankalinku," in ji depite. "Wanga abu ai abin alfahari na. Ni da kaina zan kai maganar."

Ya karɓi takardar, ya miƙa wa wani na bayansa ba tare da ya buɗe ba. Muka dawo muna busa ƙaho tun daga bakin gari. Yaya ya sa aka yanka kaji, ya ce wa matarsa ta ba Mushe cinya biyu, yau karatu ya yi rana.

Muka jira. Damana ta zo ba ruwan kirki, ta wuce. Na rubuta wa depite ina tuni, ba amsa. Daga baya na ji cewa takardar ba ta taɓa ganin majalisa ba. An tura ta wani ofis wai su ba da ra'ayi, aka sa ta a aljihun tebur. Ana nan sai rediyo ta ce soja sun karɓi ƙasa, majalisa ta watse, depite ya zama mutum kamar kowa. Muka ce to, magana ta mutu, aka ci gaba da fita ranar Juma'a kamar da.

Sababbin masu mulki kuwa mutane ne masu son a ga suna aiki. Suka shiga buɗe aljihunan tebur.

Ranar wata Talata ina cikin aji aka ce in zo, ga jandarmomi a gidan yaya. Na tarar da su uku, ba wanda muka sani a ciki, da babbar mota da sarƙa. Ba su tambayi kowa hanya ba. Kai tsaye suka zo, suka shiga, suka nufi rumfar da motar take. Babbansu na riƙe da takarda, tun daga nesa na gane layukan rulata. An bi gidajen da jan alƙalami, an soke uku, saura biyu.

"Kai ne ka rubuta wannan?" ya tambaye ni.

Na ce ni ne, amma roƙo ne, ba ƙara ba ce, ya karanta shafin farko ya gani.

Ya ce shi shafi na biyu aka ba shi. Ya ƙara duban takardar ya ce, "Rubutunka na da kyau, Mushe. Ko kaɗan ba mu sha wahala ba."

Ban san abin da na faɗa masa ba, na san dai sai da maigari ya riƙe ni. Da suka zo ɗaura sarƙa a inda zai lanƙwasa hancin, yaya da kansa ya karɓa ya ɗaura musu a inda ya dace. Ya ciro tabarmar ya naɗe. Suka ja ta suka fita, rabin gari na biye.

Furiya suka kai motocin biyar, wato filin da hukuma ke tara abin da ta kama. Damana biyu suka yi a can. Rana ta cinye fatar kujerun, awakin masu gadi suka ƙarasa. Na rubuta takarda uku, kowace ta fi ta baya ladabi, har ina jin kunyar kaina. Da na ɗauko ta huɗu yaya ya ce, "Ya isa, Mushe." Telan bai sake zuwa garinmu ba. Mun haɗu sau ɗaya a kasuwar Buza, ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa da na fi jin sauƙi.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne ba wanda zan kama in ce shi ne. Depite bai cuce mu da gangan ba, jandarma aikinsa ya yi, yaya al'adar ubanmu ya bi. In na bi sawun abin, ƙofata yake kawo ni. Ni da ya kamata in san halin takarda, ni na fi kowa jahiltarsa.

A shekara ta uku aka ce kowa ya zo ya ɗauki tasa, amma inji ya zama na hukuma. Sauran huɗun ba wanda ya je. Yaya ya ari shanun noma biyu ya tafi. Ya jawo ta tun daga can, tayoyi a sace, yana tafe a ƙasa yana riƙe da igiya, ya ratsa da ita ta tsakiyar gari da rana tsaka. Na ce masa in sha Allahu za mu samo wani injin, ko a ɓoye ne.

Washegari na ji guduma daga gidansa, na yi murna, na ce ya fara gyara. Da na leƙa sai na ga kurfi ne a hannunsa, yana tsaga ta. Kwana uku ya yi, bai bar kowa ya taimaka ba. Ya kira maƙeran garin ya ce su kwashe.

Bayan mako guda ya zo gidana da yamma, abin da bai saba ba. Muka gaisa, aka kawo masa ruwa ya sha. Sai ya warware wani tsumma ya ajiye mini sabuwar hauya a gabana, ko ƙota ba a sa mata ba. A gefe ɗaya akwai sauran koren fenti da wuta ba ta cinye ba.

"Ta ƙohwar dama ta," ya ce, "wajen da kake zama."

Na kasa taɓa ta.

"Ɗauka, Mushe. Damana ta kusa. Ka yi noma da ita, hannunka shi huta da rubutu."