Hular Kwano Mai Huji

Jiya a kasuwar gwanjo na ji warin tsohuwar fata da tsatsa, sai Baba ya faɗo mini a rai. Wani dattijo ne daga Maradi da muka yi aiki tare. Shi ke goge tsofaffin hulunan kwanon sojojin Jamus da kafilinmu, wato ubangidanmu, ke tarawa a gidansa na unguwar Malaz a Riyad, ni kuwa direba.

Akwai wata mai hujin harsashi a goshi. Ita yake fara gogewa, a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

Rannan na ce, "Haba Baba, ƙarfe ne fa."

Ya zura yatsa a hujin, ya ce, "Ɗana, mai wannan hula uwarsa ta jira shi."

Shi ma bai koma Maradi ba, a Riyad muka binne shi. Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya zukatan masu jiransa.