Mai Duba Haƙoran Matattu

Ba a taɓa ganin Jiregari ya cinye gwazansa a zaune ba. Sai ya gutsura sau ɗaya, ya miƙe da sauran a hannu, ya nufi fadama. Matarsa Sirima kan raka shi da baki: "Kai kam ka ci ƙafar kare, Baban Dorisi. Ranar da za a binne ka ma sai an ɗaure ka." Shi kuwa ko waiwaye.

Duk Joroba, ƙauyensu na bakin teku kusa da Buna, an san abin da ke korarsa. Yana goye a bayan uwarsa, lokacin yaƙin duniya na biyu, Japanawa suka sauka da jiragen ruwansu, suka kwashi maza suka ɗora musu dako zuwa kan duwatsu. Ubansa Hojabo na ciki. Wasu sun dawo, shi bai dawo ba, babu kuma wanda ya ga gawarsa. A wurinsu mamacin da ba a kwantar a ƙasar danginsa ba yawo yake yi, ɗansa ma ba zai san zama ba sai ya kawo shi gida. Uwar ta rasu kafin yaron ya yi wayo, sauran dattawa kuma ba sa kama sunan wanda ya yi mutuwar daji. Haka ya tashi bai san komai game da ubansa ba sai sunan.

Ya yi aikin fasa kwakwa, ya bari. Ya yi kwandasta a Popondeta, ya bari. Ya je Lae yana lodi a tashar jirgin ruwa, wata rana da tsakar aiki ya aje buhu ya kamo hanyar gida. In an taru a inuwa ana musu kan mafarin yaƙin, wani ya ce man fetur Japanawa suka fito nema, wani ya ce a'a, hanyar Ostireliya suke so su tare, sai ya tofar da yawu.

"Mai? Mu da ko kananzir ba mu da shi a lokacin? An ce faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi. To mu kallon ma ba a bar mu mun yi ba, kaya aka ɗora mana."

Da Japanawa suka fara dawowa neman ƙasusuwan sojojinsu, suna ƙonawa a bakin teku su tafi da tokar, Jiregari ya zama ɗan jagoransu. Babu ramin yaƙi ko kurmin da bai sani ba. Duk ƙoƙon kan da aka tono, shi ne farkon ɗauka, ya goge laka da babban yatsa, ya duba baki. Samari suna tsokanarsa wai haƙorin zinare tsoho ke nema. Ya bar su da haukarsu. Abin da yake dubawa dabam ne: kowane namiji a ƙasar nan yana tauna buwai, wani irin goro nasu, da farar hoda tun yana yaro, har haƙoransa su rine su yi baƙi, rinin da ko kabari ba ya wankewa. Baƙin haƙori nasu ne, fari na Japanawa. Sau da yawa ya tsinci mai baƙin haƙori, amma kullum sai dangin wani ƙauye su zo da shaidarsu su karɓe. Fararen kuwa da hannunsa yake zuba su a jakar saƙa, ya goya har bakin teku.

Yana nan a haka har furfura ta cika masa kai. Sai bikin auren jikarsa ya kawo Gwaggo Aikai, ƙanwar ubansa, wadda aka aurar can bayan duwatsu tun kafin yaƙi. Ta tsufa har ta wuce tsoron al'ada, abin da ya zo bakinta shi take faɗa. Ya durƙusa ya miƙa mata buwai, ya jefa ɗaya a nasa bakin. Ta ƙura masa ido, ta yi dariya.

"Ji baki kamar gindin tukunya! Wannan kam ba Hojabo ka gado ba, ɗana."

"Kamar yaya, Gwaggo?"

"Ubanka ai ba ya taunawa. Sau ɗaya ya gwada, jiri ya kayar da shi cikin kwalekwale, daga nan ya rantse. Haƙoransa fari tas, 'yan mata suna ce masa ɗan yaye. Kai ba wanda ya gaya maka?"

Ya tofar da buwai ɗin. Ana kaɗa ganga, ana yanka alade, shi kuwa ƙasusuwan da ya goya ne ke wucewa ta idonsa. Akwai wanda ya tono a gindin wata bishiya kan hanyar duwatsu, ba hular kwano, ba takalmi, ba ko maɓalli ɗaya. A ranar cewa ya yi an kwashe masa kayan ne. Akwai wani irinsa a bakin rafi, akwai wani a fadama. Baƙin ciki ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya tashi ya bar bikin. Sirima ta buɗe baki za ta yi halin nata, ta ga fuskarsa, ta haɗiye.

Da Japanawan suka dawo a rani, bai je tono ba. Ya sami tafintarsu, wata mata mai suna Harue wadda kakanta ya mutu a Buna, tana tsaye kusa da itacen ƙonawa.

"'Yata, tokar nan in kun kai ta, ina kuke zubawa?"

"Waɗanda ba a san sunansu ba wuri ɗaya ake aje su, Baba. Ana kai musu fure, ana sunkuya musu."

"Ana rufe wurin? Ba sa fita?"

 Ya kwance wani ƙullin ganyen ayaba daga ɗamararsa. Ƙasa ce baƙa, ɗanya, daga inda ake binne danginsa. Ya danƙa mata, ya riƙe hannunta da nasa biyu.

"Ki kai wannan. In an hana ki shiga da ita, ki ɓoye a zani."

"Wa zan zuba wa, Baba?"

"Ki barbaɗa musu duka. Ban san wanne ne nawa ba."