Mai Gadin Firji

Duk unguwar babu wanda ya taɓa tsammanin Direba zai zauna wuri ɗaya. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan sitiyarin babbar mota, kuma ko da ya ajiye tuƙi ba a samunsa a gida. In ba ya shagon mai aski yana gardama, to yana gareji yana koya wa makanikai aikinsu. Ana nan sai ciwon suga ya kama matarsa, likita ya ɗora ta a kan allurar da ba ta son zafi, dole sai a firji.

Wutar unguwar kuwa ba ta da alƙibla. Yau ta zo kamar mai jin barci, gobe ta zo da hauka. Ran nan ta zo da haukanta, Direba yana waje. Firji ya ƙone, magani ya lalace, matar ta yi kwanaki a asibiti. Abin ya tsaya masa a rai.

Da aka gyara firjin, sai ya dasa kujerar roba kusa da soket, ya bar ƙwan fitilar falo a kunne da rana tsaka. In ƙwan ya yi ja, ya zare wayar firji. In ya yi fari fat, ya zare waya. Ko wanka zai shiga sai ya bar ƙofa a ɗan buɗe. Maƙwabta suka sa masa Mai Gadin Firji, shi kuwa ko a jikinsa.

Matar ce abin yake ci wa rai. "Maigida, ciwon nawa ne, amma kai ya kwantar," in ji ta. "Ka fita ka sha iska mana."

"In fita, wa zai duba wutar?"

Autarsu ce ta zo wata rana rungume da wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai nauyi. "Baba, sitabilaiza ne. Ba ya kawo wuta, amma in ta yi ƙasa yana ɗaga ta, in ta haukace ya tare ta kafin ta kai ga firji."

Direba ya harari akwatin. "Wannan abin da ko ido ba shi da shi?"

Ya dai bari ta jona, amma bai bar kujerarsa ba. Yanzu abu biyu yake gadi, firji da akwati, har matar ta ce an ƙara masa girma a wurin aiki.

Wata la'asar ƙwan ya yi fari fat. Hannunsa ya tafi soket, matar ta riƙe shi. "Bari mu gani."

Akwatin ya yi ƙas-ƙas. Firji ya ci gaba da gurnaninsa a hankali, kamar babu abin da ya faru. Direba ya buɗe, ya taɓa kwalbar maganin, ya ji ta da sanyinta. Ya daɗe a tsaye, sai a lokacin ya san irin gajiyar da ya yi.

Washegari ya jawo takalminsa daga ƙarƙashin gado, ya tarar gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ya kakkaɓe yana dariya.

"Uwargida, ɗauko mayafinki. Likita ma ya ce ki riƙa tattaki."

Ta riga shi zuwa bakin ƙofa, ta miƙa hannu ta kashe ƙwan falon.