Ciyawar Maƙwabcin Injiniya

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da ranar da wani mai gida a Al Gharrafa ya tasa ni gaba har gidan maƙwabcinsa don a koya mini yadda ake kula da ciyawa. Ku sababbin zuwa da kuke tambayata dalilin da ya sa ba na ja-in-ja da masu gida, ku gyara zama.

Lokacin ina cikin shekara ta huɗu a Doha. Da gadi na fara, a wani bene a Bin Omran. Daga baya wani kamfanin kula da lambunan gidaje ya ɗauke ni, saboda ni mutumin Kura ne, a gonakin noman rani na tashi, ban ruwa da taki ba baƙona ba ne. Da tafiya ta yi tafiya aka ba ni foman. Foman shi ne mai riƙe da mota ɗaya, ma'aikata huɗu da gidajen da aka rubuta masa. Sama da ni akwai mudir, wato manaja, wani Bamisire da muke kira Ustaz Magdi. Bai taɓa riƙe injin yanke ciyawa ba, amma wajen rubuta takardar gargaɗi babu kamarsa. Ƙa'idar kamfanin a sarari take: gargaɗi uku, khalas, sai filin jirgi. Ni kuwa ina da guda ɗaya a fayil tun wani karo da na yi da mota.

Ga wanda bai san aikin ba, ciyawa a ƙasar nan shekararta kashi biyu ce. Daga Oktoba zuwa Nuwamba, in gari ya fara sanyi, muna aske tsohuwar ciyawa ƙasa-ƙasa, mu sassaka ƙasar, mu watsa irin ciyawar sanyi, mu rufe da yashi da taki. Wannan ita ce koriya shar da kuke gani har Maris. Zafi na shigowa take mutuwa, sai ciyawar zafi da ke ƙarƙashi ta karɓe ta. Ita wannan ba ta da kyau sosai, amma tana da juriya. Daga Yuni zuwa Satumba ba neman kyau ake ba, neman rai ake. Ruwa da asuba, kada a yanke ta ƙasa, kada a kusance ta da taki mai ƙarfi. Ta ɗan yi fari-fari, a bar ta. Shi ke nan karatun.

Gidan Injiniya Nasiru ya shigo hannuna a watan Mayu. Yana aiki a ɓangaren gas, mutumin wajenmu ne, kuma ranar farko har rungume ni ya yi.

"Malam Habu! Ashe ɗan'uwa aka turo mini. Ai gidan nan gidanka ne."

Na yi murna. Sai daga baya na lura cewa 'yan'uwantakar tamu tana da lokaci. In mu biyu ne, Hausa zalla. In akwai Balarabe ko Bature a kusa, sai Hausar ta gudu daga bakinsa, ya dinga yi mini Turanci yana nuni da yatsa kamar bai san daga wace nahiya aka kwaso ni ba.

A farkon Yuli ya kira ni sama, har ɗakin karatunsa. Ya ɗaga labule ya nuna mini gidan da ke bayan katangarsa.

"Dubi can. Me ka gani?"

Na leƙa. Fili ne shimfiɗe, kore shar, ko'ina daidai wa daida, a cikin Yulin Doha da ko ƙarfe ke neman inuwa.

"Yanzu dubi nawa."

Nasa yana nan yadda ciyawar kirki take a Yuli, da ranta, amma ba ta ado.

Na sake duban na maƙwabcin da kyau. Babu tsuntsu ko ɗaya a kai. Gindin katanga da tsakiyar fili launi ɗaya, alhali inuwa da rana ba sa ba ciyawa launi ɗaya. Can gefe kuma ga wani layi miƙaƙƙe kamar ɗinkin tela.

Na ce, "Yallaɓai, waccan ta roba ce. Shimfiɗa ta aka yi kamar kafet."

Ya yi dariya har da dafa tebur. "Roba! Malam Habu, kullum da la'asar daga nan nake kallon direbansu yana ba ta ruwa da tiyo. Wa ka taɓa gani yana ba roba ruwa?"

"Wanke ƙura yake yi, Yallaɓai. Kuma tana ɗaukar zafi, in ba a jiƙa ta ba ba ta takuwa."

"Ka ga," ya ce, ya saki labulen, "matsalarmu ke nan mu 'yan Arewa. In mutum ya kasa abu, maimakon ya koya, sai ya ce na wani ƙarya ne. Ni injiniya ne. Na san abin da nake gani."

Na ce Allah ya ba da haƙuri, na sauko.

Daga nan Injiniya ya karɓi aikin da kansa. Akwai akwatin da ke sarrafa ban ruwa, mun saita shi ya buɗe da asuba. Injiniya ya buɗe akwatin ya ƙara masa azahar da la'asar, tunda maƙwabci ma da rana yake bayarwa. Ruwan azahar a Yuli rabi tururi yake zama, sauran ya kwanta ya dafa saiwa, ga gishirin da yake bari a ƙasa. Na mayar da saitin, ya sake canzawa. Na sake mayarwa, ya sayo ƙaramin kwaɗo ya kulle akwatin. Sai ya ce ciyawar maƙwabci gajera ce, a aske tasa ƙasa. Na ƙi. Ya jira ranar da ba na nan, ya tsaya a kan ma'aikatana, 'yan Nepal ne masu tsoron mai gida, suka aske ta har ana ganin ƙasa.

Abin da ya ƙarasa ta taki ne. Ya kalli wani bidiyo na wani Bature a ƙasar da rana ba ta fitowa sai an roƙe ta, ya je ya sayo buhun taki mai ƙarfi, ya watsa shi da hannunsa ranar wata Juma'a a Agusta, ninki biyu na abin da aka rubuta a jikin buhun, don abin ya yi sauri. Ya kuwa yi sauri. Kafin Talata filin ya koma kamar bayan tsohuwar akuya mai ƙazuwa, nan ja, nan baƙi, nan babu komai.

Ranar Laraba Ustaz Magdi ya kira ni ofis. Takarda ce a gabansa, shafi biyu, Injiniya ya rubuto da Turanci mai lambobi, ɗaya, biyu, har tara. A ciki an ce na ƙone masa fili da ganganci, ba ni da horo, kuma ina ƙirƙiro ƙarya a kan maƙwabta don in rufe gazawata.

Na yi bayanin kwaɗo da taki da aski. Mudir ya saurara yana juya biro.

"Habu, na yarda da kai. Amma shi ne mai kwantiragi." Ya turo mini takardar gargaɗi. "Sa hannu. Na biyu ke nan."

Na sa. Ina da mata da 'ya'ya uku a Kura, ga mahaifiyata da ke shan magani kullum. Saura takarda ɗaya tak tsakanina da gida, kuma alƙalamin yana hannun mutumin da ya rungume ni ya ce gidansa gidana ne.

Mudir ya ce, "Akwai kuma. Ya nemi izinin maƙwabcin, gobe bayan la'asar za mu shiga, ni da kai da shi. Yana so mai kula da filin can ya nuna maka yadda ake yi."

Na ce, "Ustaz, wannan ita ce alfarma mafi girma da aka taɓa yi mini a ƙasar nan."

Washegari Injiniya ya fito cikin shadda fara mai aiki, hula ta zauna, turare na tashi, hannunsa riƙe da ɗan littafi da biro. Maƙwabcin wani dattijo ne ɗan ƙasa, Abu Salim, mai fara'a. Ya shigar da mu majalisinsa, aka kawo gahawa da dabino. Ni da kayan aikina na raɓe a bakin ƙofa, dattijon ya ce sam, sai na zauna a kujera, ya zuba mini gahawa da hannunsa. Injiniya ya kalle ni ta wutsiyar ido.

Da aka fito filin, Injiniya ya tsaya a bakinsa ya buɗe hannuwa. Ya yi jawabi da Turanci gauraye da Larabcinsa na masallaci, ya ce wata biyu ke nan yana sha'awar wannan fili, ya ce wannan shi ne bambancin mai ilimi da mai kame-kame. Sannan ya juyo gare ni, yau da Hausa, don ta fi shiga.

"Kai, matso ka gani. Buɗe idonka."

Ya buɗe littafinsa ya tambayi dattijon wane irin taki suke sawa, kuma sau nawa a wata.

Abu Salim ya dubi mudir, mudir ya fassara masa da Larabci. Dattijon ya dubi Injiniya, ya dubi filin. Sai ya kama dariya, irin ta tsofaffi mai haɗe da tari. Ya ɗaga murya ya kira direbansa, ya nuna masa kusurwar fili wajen famfo. Direban ya sunkuya, ya sa yatsu biyu, ya ɗaga gefen ciyawar kamar mai ɗaga tabarma zai share ƙarƙashi. Ga baƙar roba a bayanta da ƙananan huji, ga tsakuwa a ƙasa.

Dattijon ya yi magana yana share hawaye, mudir ya fassara da murya ƙasa-ƙasa: wai shi an haife shi a ƙasar nan, ya san Agusta, ba zai yi faɗa da Agusta ba. Takinta, in ji shi, tsintsiya ce.

Injiniya bai yarda nan take ba, wannan na ba shi. Ya tattare shaddarsa ya tsuguna, ya shafa, ya kama ƙwaya ɗaya ya ja. Ta ƙi tsinkewa. Ya ƙara ƙarfi, ta miƙe kamar zaren buhu. Ya sake ta, ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya mayar da biro aljihu. Abu Salim ya dafa kafaɗarsa ya ce in yana so zai ba shi lambar masu shimfiɗawa, kwana biyu suke gamawa. Ni dai ina kallon takalmina, ina karanta duk addu'ar da na sani don kada dariya ta kuɓuce mini, domin dariya ɗaya za ta iya zama takarda ta uku.

A bakin ƙofar gidansa Injiniya ya tsaya. Na ɗauka haƙuri zai ba ni, kamar yadda kuke zato. Sai ya ce:

"Malam Habu, kai ma da laifinka. Da ka yi mini bayani a kimiyyance, da ban wahala ba. Ka ce roba kawai ka yi shiru."

Na ce, "Gaskiya ne, Yallaɓai. A ba ni makullin kwaɗon."

Ya ba ni.

A mota na tambayi mudir ko za a cire gargaɗin. Ya ce sai wanda ya kawo ƙara ya janye a rubuce. Injiniya bai janye ba, ni ma ban roƙe shi ba. Takardar tana nan a fayil har yau, in kun shiga ofis ku ce a nuna muku.

Sauran Agusta da Satumba wanke ƙasar na yi ta yi da ruwan asuba don gishirin takin ya sauka. Ƙarshen Oktoba muka kankare abin da ya mutu, muka zuba sabon yashi, muka watsa irin sanyi. Kafin Disamba filin ya tashi kore, mai laushi, irin wanda ƙafa ke nutsewa a ciki. Injiniya ya tara mutanenmu walima a kai, likitoci da malaman jami'a, aka shimfiɗa darduma ana cin gasasshen rago. An kira ni in rufe famfunan don kada su jiƙa baƙi. Ina tsugune a bakin akwatin na ji wani likita yana tambayarsa wa ke yi masa wannan aiki haka.

"Wani kamfani ne na Larabawa," in ji Injiniya. "Amma sai ka tsaya a kansu. Yawancin tsarin ni na zana musu."

Na rufe akwatin na fita ta ƙofar baya.

To, ga abin da na ɗauka daga wannan. Ciyawa ba ta da wuyar sha'ani, in ka san watan da kake ciki ka gama da ita. Mai gida shi ne aikin. Ku faɗa masa gaskiya sau ɗaya, a fili, sannan ku tura wa mudir saƙo a ranar, da hoto, kafin a riga ku. Kada ku ce don kun ji Hausa a bakin mai gida kun sami rumfa. Ni dai Balaraben da ban san shi ba ne ya zuba mini gahawa, ɗan'uwana kuwa shafi biyu ya rubuta a kaina. Yalla, ku tashi, rana ta yi sanyi, akwai gida uku a Al Rayyan kafin magariba.